Juya ko Uwar Garke

Tun da na dawo daga Kano a cikin bazara ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na kolej ɗinmu nan Tasawa, a gidan suna, har wurin mai niƙa, sai an tare ni: "Madan Rakiya, mi kinka gano cikin sama?" Ni kuma in ce taurari, in yi gaba. Har an fara cewa Kano ta sa mini girman kai. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya faɗuwa sai an haɗa shi da wani abu da nake ɓoyewa a lokacin. Yanzu kuwa zane ya tona ni, duk mai ido ya ga ina da ciki, don haka bari in ba ku shi gaba ɗaya in huta.

Kimiyya nake koyarwa. Wata jami'a a Kano ta kira malamai daga Nijar da Najeriya don a koya musu kallon sama da madubin hangen nesa, su koma su koya wa yara, kuma sunana ya fito. Na yi murna har da ɗinkin sabon kaya. Ana gab da tafiya na gane ciki ya shiga.

Wanda ya san ni ya san nauyin wannan magana. Na daɗe a ɗakin miji ban taɓa goyo ba. Ciki kan shiga, ya ɗan zauna, ya zube, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na farkon har dangi na garinmu Kona sun ji, aka yi ta yi mini barka, daga baya su ɗin ne suka dawo jaje. Tun ran nan Inna, mahaifiyata, ta kafa mini doka: "In ya sake shiga, ko ni kada ki hwaɗa ma. Bari sai na gani da idona. Ba kowane baki ad da albarka ba." To in zan fasa tafiya, sai na tsaya gaban direktanmu, namiji sa'an babana, na gaya masa dalili, wannan kuwa bakina ba zai iya ba. Maigidana kaɗai ya sani, ya ce in zauna gida. Na ce masa waɗancan da suka zube ai ina kwance bisa katifa suka tafi, ba inda na je. Daga ƙarshe ya ce, "Allah shi tsare. Amma ki zamna gaba cikin mota, ban da baya."

Abokin tafiyata Mushe Sha'aibu ne, haka muke kiran malamai maza a nan da Faransanci, malamin lissafi daga El Alasan Mai Rairai ta ƙasar Mayahi. Cikin shanu ya tashi, maƙwabtansu Fulani, har yau ba ya iya bayanin komai sai ya sako saniya a ciki. Ga shi Bagobiri, ni Bakatsiniya, kun san wasan da ke tsakaninmu. Bai taɓa ganina bai kira ni baiwarsa ba, ni ma ban taɓa raga masa ba. Ina isa tasha na tarar ya riga ya baje a kujerar gaba.

"Mushe, don Allah ka bar mini wurin ga," na ce.

"Yau na ga ikon Allah. Tun yaushe baiwa ka zama gaba, ubangidanta na baya?"

Tasha ta ɗauki dariya. Da wani ne, da na ɗaure masa fuska ya tashi. Amma abokin wasa ba a ɗaure masa fuska. In ka yi, kowa sai ya tambayi abin da ya faru, ni kuwa tambayar nake gudu. Na rama da cewa ya zauna abinsa, dama Bagobiri bai saba ganin gilashin mota ba. Na shige can baya, daidai kan taya, ina dariyar dole.

Ba mu bi ta Maraɗi da Jibiya ba, saboda labarin ƴan bindiga da ake ta ji a wannan hanya. Muka yanki ta Korgom zuwa Mai Mujiya, hanyar marmara ce mai tudu-tudu da direbobi ke kira eskaliye. Direbanmu kuwa irin waɗanda suka yi imani cewa in kana gudu ba ka jin ramuka ne. Duk sanda mota ta yi tsalle ta dire sai in ji kamar a marata ta dire. Na sa hannu biyu ƙarƙashin hijabi na tallabe, na karanta duk abin da na iya, na sake daga farko. Kusa da ni wata tsohuwa ce da ban sani ba, tana cin goro. Ta dubi fuskata, ta dubi inda hannuwana suka ɓace. Ta ɗauko ƙullin zannuwanta ta cusa mini a baya, sannan ta ɗaga murya.

"Direba, sassauta. Ƙwan zabbi gare ni cikin ƙwarya, in ka hwasa mini su ni da kai ne."

"Ƙwan zabbi cikin bazara, Iya?"

"Nawa zabbin ba su san bazara ba. Sassauta na ce."

Ya yi gunaguni ya rage gudu. A Korgom ta sauka. Na leƙa kayanta da kyau, babu ƙwarya babu ƙwai, kuma ban ko tambayi sunanta ba.

A iyaka, ɓangarenmu ba mu daɗe ba, jandarma ya duba takardu ya miƙo mana. Can ɓangaren Najeriya wani jami'i ya tambayi abin da zai kai mu Kano. Sha'aibu ya gyara tsayuwa ya ce kallon taurari. Mutumin ya dube mu sama da ƙasa, ya ce shi kam yana mamakin mutanen Nijar da son ƴan fim, malamai guda su bar aji su tafi kallon taurari. Da aka yi masa bayani cewa na sama ake nufi sai abin ya ƙara lalacewa, ya ce ashe bokaye ne. Ana cikin wannan dariya wata ma'aikaciyar lafiya ta ce kowa ya fito da katin rigakafi, wanda ba shi da shi a yi masa allura nan take. Na san akwai allurar da ba a yi wa mai ciki. Na juye jakata a kan benci gaban maza, ina tunanin yadda zan faɗi abin da ko uwata ban gaya wa ba. Ashe katin yana cikin aljihun sabon ɗinkin nan. Sha'aibu ya ce bai taɓa ganin babbar mace mai tsoron allura irina ba, sai ya ba da labarina a kasuwar Mayahi.

Daga Daura kwalta ce, na ɗan samu numfashi. A Kano aka sauke mu a ɗakunan ɗalibai, mata biyu-biyu. Abokiyar ɗakina Anti Binta, haka suke kiran malamai mata a can, Bakanuwa ce mai jiki da sakin fuska, ta riga ta fara aurar da ƴaƴa. Ranar farko rabin maganata ba ta ganewa. Na tambaye ta ina robine yake, ta ce ba ta san mai wannan suna ba, ashe famfo kawai suke cewa. Na ce ta ara mini bik, ta tsaya tana kallona har na nuna mata biro a hannunta. Abinci kuwa ya ba ni wuya. Komai da manja, komai da yaji, burodinsu mai zaƙi da laushi kamar soso, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Furar ma a inji ake dama ta, a zuba ƙanƙara da kwakwa, ta fita daga fura ta koma wani abu dabam. Ƙamshin miya kaɗai kan tayar mini da zuciya, sai na koma cin ɗanyen mangwaro da gishiri a ɓoye. Anti Binta ta ga ƙwallayen a kwandon shara, ta dube ni, daga nan ta sa ana aiko mini da kunun tsamiya daga gidanta kowace safiya, ba ta ce don me ba.

A aji matsala ta fito tun daga gaisuwa. Malaminmu, wanda kowa ke kira Dakta, da Ingilishi ya yi karatu, mu ƴan Nijar da Faransanci. Ya yi nasa muka yi zuru, muka yi namu ya yi zuru, ƙarshe aka ga ba abin da ya haɗa mu sai Hausa. Hausar kuma ba ta da sunayen abubuwan, sai mun ƙera da kanmu. Da aka zo kan galaksi, wato taron taurari masu ɗimbin yawa da nauyinsu ya ɗaure su wuri guda, Sha'aibu ya ce ai wannan garke ne, aka karɓa. Dakta ya ce ranarmu tauraruwa ce guda a cikin wata galaksi mai faɗi kamar faifai, mai hannuwa a murɗe, cike da ƙura da iska mai sanyi, kuma daga wannan ƙura da iska ake haihuwar sababbin taurari har gobe. Ya ce amma akwai wata iri dabam, ita za mu je mu gani da idonmu.

Aka kwashe mu zuwa wata gona bayan gari, inda fitilun Kano ba sa kashe sama. Can muka yi magariba da isha'i. Aka kafa madubin, wani abu kamar turmi a kan ƙafafu, aka juya bakinsa gabas. Kafin a shiga layi Dakta ya yi bayani. Wadda za mu gani lamba gare ta a wurin masana, M87. Ba ta da hannuwa, ba ta da faɗin faifai, a dunƙule take kamar ƙwai. Taurarinta sun ninka na tamu nesa ba kusa ba, kuma ba sa zagaye ta gefe guda kamar namu, kowace tana bin tata hanya kamar ƙudan zuma a bakin amya. Hasken da zai shiga idonmu yau ya baro can fiye da shekara miliyan hamsin da suka wuce. A tsakiyarta akwai baƙin rami mai nauyin rana dubban miliyoyi, abin da ya faɗa cikinsa ba ya dawowa, ko da haske ne.

"Amma babban abin da ya raba ta da tamu," in ji Dakta, "taurarinta tsofaffi ne, shi ya sa haskenta ya yi ja-ja. Iskar da ke cikinta ta yi zafi da yawa, ba ta kwanciya balle ta dunƙule ta zama tauraro. Kusan babu sabuwar haihuwa a cikinta. To yaya za mu ce da Hausa?"

"Wanga ai da sauƙi, Dakta," Sha'aibu ya ce. "Juya ce. Saniyar da za ta ci ta ƙoshi, ta yi ƙiba, ba ta ba ka maraƙi. Ciki ya yi zahi, ba shi riƙon komi."

Aka yi dariya, aka tafa, Dakta ya ce a rubuta. Ba wanda ya dube ni, don ba wanda ya sani. Amma kalmar nan na san ta. Na taɓa jin ta ta bayan zana a wani gidan biki a Kona, da sunana a gabanta.

Layi ya zo kaina, na sa ido. Da farko duhu kawai nake gani, Dakta ya ce in ɗan kauda idona gefe. Sai ga shi: ɗan tabo fari-fari, dishi-dishi, mai siffar ƙwai, tsakiyarsa ta fi haske, shi kaɗai cikin baƙi. Ba ya ƙyaftawa kamar taurari, ba ya motsi. Ni malamar kimiyya ce, na san wuta da iskar da ke can ba su san da zamana ba. Duk da haka tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga kamar an ɗauko ni ne tun daga Tasawa, aka bi da ni ta eskaliye, don kawai a nuna mini cikina a sama, mai zafi, da rami a tsakiya. Na ja da baya na zauna a ƙasa. Anti Binta ta ce sanyin gona ne, ta yafa mini gyalenta, alhali kowa zufa yake.

Da asuba na shiga bayi na ga jini. Ba shi da yawa, amma waɗancan ma da kaɗan suka fara. Na fito na zauna bakin gado, ko alwala na kasa. Dokar Inna ta faɗo mini a rai, na ga in na ci gaba da bin ta zan rasa abin da aka kafa ta dominsa. Na ce, "Anti, ki kai ni likita. Ciki gare ni, kuma jini nika gani." Ban da maigidana, ita ce ta fara jin kalmar daga bakina.

"Na sani tun ranar mangwaro," ta ce, tana neman mayafi. "Tashi a hankali. Kar ki sunkuya, ni zan sa miki takalmi."

Ta tare a-daidaita-sahu, ta gaya wa mai shi in ya faɗa rami ko ɗaya sai ta ci mutuncinsa. A asibitin na yi ta cewa a yi mini eko suna kallona, sai da Anti Binta ta ce musu sikanin nake nufi. Aka kwantar da ni, aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara. Likitar, wata matashiya da ba ta kai ni shekaru ba, ta juyo da allon wajena, ni kuwa na rufe ido. Na san abin da ake gani a allon nan, na sha ganinsa a Maraɗi: baƙin wuri, shiru, sai a ce in yi haƙuri. Ta ce in buɗe.

Ɗan tabo ne fari-fari, dishi-dishi, mai siffar ƙwai, cikin baƙi. Wallahi abin da na gani jiya a gona ne. Sai ta sa yatsa a tsakiyarsa. A wurin wani ɗan abu yana ƙyaftawa, da sauri da sauri, ba ya fashi.

"Zuciyarsa ke nan," ta ce. "Yana nan. Jinin daga gefe yake fitowa. Ki kwanta, ki sha maganin nan, ban da ɗaukar nauyi. Ban ce miki an tsallake ba, amma yau dai yana nan."

Na yi kuka har Anti Binta ta koma ba ma'aikata haƙuri.

Sauran taron a kwance na yi shi. Ranar rufewa na lallaɓa na je, na tarar ana karanta kalmomin da muka ƙera don kowa ya amince da su. Da aka zo kan juya na ɗaga hannu. Ban shirya magana ba, haushi ne ya tashe ni.

"Dakta, taurarin da ke cikinta, da ka ce sun ninka namu, wa ya haihe su?"

Ya ce ita ce. Tun da daɗewa ta haife su, da yawa kuma cikin hanzari, har iskarta mai sanyi ta ƙare. Wasu kuma na ƙananan garkuna ne da suka matso kusa ta haɗa da nata.

"To wadda ta haihi wanga tuli, har ta riƙe ɗiyan wasu, ita ce juya? Mushe Sha'aibu, kai da ka tashi cikin shanu, saniyar da ta cika garke da ɗiyanta sannan ta tsuhwa ta huta, mi aka ce mata?"

Ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya dubi fuskata, ya dubi Anti Binta da ke riƙe da hannuna. Ina kallonsa lissafin ya fito masa: kujerar gaba, allurar iyaka, kwanciyar da na yi. Ya sunkuyar da kai.

"Uwar garke," ya ce a hankali.

Aka goge juya aka rubuta uwar garke. Na san wannan bai sauya komai a sama ba, bai kuma sauya komai a cikina ba. Ni dai ban so yaran Tasawa su koyi waccan kalma daga bakina ina nuna musu sama ba.

Da za mu dawo Sha'aibu ya riga ni zuwa tasha, ya kama kujerar gaba gaba ɗayanta, ya ninke sallayarsa ya shimfiɗa a kai. Ya ce in shiga, ba don komai ba sai don ubangida na gari ba ya barin baiwarsa ta sha wuya. Shi ya zauna kan taya. Daga Mai Mujiya har Tasawa yana faɗa da direba cewa ƙwan zabbi gare shi a jaka.

Kwanan baya Inna ta zo daga Kona. Ta dube ni tun daga ƙofa, ta ajiye ƙullinta, ta ce, "To, na gani." Da ta huta ta ce ta ji likitocin yanzu na ɗaukar hoton abin da ke ciki, in nuna mata. Na miƙa mata ambulan ɗin da na zo da shi daga Kano. Na manta hoto biyu ne a ciki, don Dakta ya raba mana na uwar garke mu kai aji, kuma shi ta zaro. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce kansa babba ne irin na babana. Sannan ta tofa masa doguwar addu'a, Allah shi raya, Allah shi sa a sauka lahiya. Ban katse ta ba. Da ta shafa na ba ta na gaskiyar, ta yi mini daƙuwa, ta sake sabuwa daga farko.

To kun ji abin da na gano cikin sama. Har yau tsoron bai sake ni ba. Duk shiga bayi sai na duba, kuma ko hular jariri ban saya ba. Masu son ganin uwar garke su zo aji in an koma lakwal bayan hutu, zan nuna musu hoton. Sauran ku taya ni addu'a daga inda kuke, amma don Allah kada wanda ya zo mini barka sai ya ji kukan jariri a ɗakin nan.